Akwatin Muryar Lyuben

Duk wanda talabijin ɗinsa ya mutu a unguwar bayan tashar mota ta Botevgrad, wurin Nevena yake kai shi. Shekara ashirin da biyu ta yi a masana'antar kayan lantarki ta garin, tana zaune gaban gilashin ƙara girma tana liƙa wayoyin da ba su fi silin gashi kauri ba. Da masana'antar ta tsaya, wasu abokan aikinta suka koma sayar da tufafi a kasuwa, wasu suka tafi tsinkar zaitun a Girka. Ita kuwa ta kwaso ƙarfen narka dalmarta da mitarta ta awon wuta ta girke su a kan teburin kicin, ta ce wa mijinta daga yau rabin teburin nan nata ne, ya ci abincinsa a ɗaya rabin.

Mijin, Lyuben, mai walda ne, kuma layin bai taɓa ganin mai surutu irinsa ba. In ya fita sayen burodi sai an bi sawunsa, a tarar da shi a bakin shago burodin a hammata, yana gardama kan ƙwallon da aka buga tun kafin a haifi mai shagon. Da ya yi ritaya ma sai abin ya ƙaru, don kullum da hantsi yana ɗakin taron 'yan fansho, shi da abokansa uku suna karta suna zagin juna.

Wata Talata cikin watan Maris yana kan tsani yana datse rassan inabin tsakar gida, sai almakashin ya suɓuce masa. Ta taga Nevena ta hango shi yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba. Sati uku ya yi a asibiti. Ya dawo gida yana jan ƙafar dama, hannun dama a naɗe kan ciki. Hankalinsa garau yake, yana gane duk abin da aka faɗa, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa: "Ashe."

In yana son ruwa, ashe. In miyar wake ta yi gishiri, ashe. In ƙafarsa na ciwo, ashe, da ƙarfi, yana dukan hannun kujera. Nevena takan jero masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya har ta dace, wani lokaci kuma ba ta dacewa, sai ya juya fuskarsa bango. Ya daina fita ko bakin ƙofa.

'Yarsu Radostina, wadda ke aikin jinya a Jamus, ta aiko da kwamfutar hannu mai hotuna, ana taɓa hoto ta yi magana. Bayan kwana uku ta bugo waya.

"Mamo, yana amfani da ita?"

"Ya taɓa hoton kofi, wata mata ta ce 'Ina jin ƙishirwa' da murya irin ta masu sanarwa a tashar jirgi. Ya dube ni, ya dube ta, ya cusa ta ƙarƙashin matashi ya zauna a kai."

"Zai saba. Duk marasa lafiyarmu sun saba."

"Ubanki ne fa, Radi. Kuma gilashin ba ya jin yatsunsa. Shekara arba'in yana walda, fatar ta zama kamar ƙirgi."

"To ya za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna. Amma zan yi."

Kwana biyu bayan haka ta sauka ɗakin ajiya na ƙasa neman kwalaben barkonon da ta gasa bara. A bayan kwalaben ta ci karo da kwalin takalmi ɗaure da igiya. Kaset goma sha huɗu ne a ciki. Lokacin Radostina tana goye, Lyuben ya yi shekara biyu a Libiya yana waldar bututu a hamada, kuma da yake shi da rubuta wasiƙa ba sa ga maciji, sai yakan cika kaset da magana ya ba duk wanda zai dawo gida hutu. Nevena ta tsaya riƙe da kwalin, ta manta da barkono. Awa goma sha huɗu na muryarsa a hannunta. Kafin ta gama hawa matakala ta riga ta san yadda akwatin zai kasance.

Tsohuwar rakodarsu ta ƙi juyawa, robar da ke jan kaset ta narke ta zama kamar kwalta. Ta goge wurin, ta yanko roba daga murfin kwalba ta ɗaura, rakoda ta tashi. Ta jona ta da kwamfuta ta kwashe kaset ɗin duka. Tana sa abin sauraro a kunne don kada ya ji, tana zaune tana yankan kalmomi ɗaya ɗaya daga bakin wani saurayi ɗan shekara talatin da huɗu, mai dariya a tsakiyar magana, ga ƙarar janareta a bayansa. Sau biyu ta cire abin sauraron ta fita tsakar gida ta tsaya ba ta yin komai. Sannan ta dawo ta ci gaba.

Ta yi odar ɗan allon lantarki wanda bai fi akwatin ashana ba, ya iso ta gidan waya. Koya masa aiki ne ya ba ta wuya, don a zamaninta da waya da dalma ake gaya wa na'ura abin da za ta yi, yanzu kuwa rubuta mata ake yi. Ta yi sati guda tana bin bayanan da mutane suka zuba a intanet, tana gwadawa tana tsaki, har ranar da ta haɗa wayoyi biyu lasifika ta ce, "Ruwa." Lasifikar daga rediyon tsohuwar motarsu ta ciro ta. Madannai kuwa na lif ne, manya kamar bakin kofin gahawa, wani tsohon abokin aikinta ya ba ta daga wani bene da aka sauya wa lif. Ta jera goma sha biyu a kan murfin akwatin katako, kowanne ta zana masa hoto da fenti, ta sa batir ɗin wani injin huda da ya lalace. Da ta gwada da hannu mai rawa sai akwatin ya ce "Ru-ru-ru-ruwa," don haka ta koya masa ya ɗauki dannawar farko kaɗai, ya yi watsi da sauran.

Ranar Lahadi bayan karin kumallo ta ɗora masa akwatin a cinya.

"Lyubo, danna wannan."

Ya harare ta, ya danna da hagu. Muryarsa ta cika kicin: "Ruwa."

Ya ɗauke hannu kamar ya taɓa wuta. Ya daɗe yana kallon lasifikar. Sannan ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya. Ruwa. Abinci. Magani. Ciwo. Banɗaki. Sanyi. Zafi. Barci. Likita. Na gaji. Taimake ni. Na gode. Da ya kai ƙarshe fuskarsa ta yi ja, ya ture akwatin da gwiwa ya faɗi ƙasa, murfin ya ɓalle.

"Ashe!" Ya faɗa da ƙarfi, idonsa cike da ƙwalla.

Nevena ta tsinci akwatin ta duba, waya biyu ne kawai suka tsinke. Ta san aikinta bai yi kuskure ba, kowane madanni ya faɗi abin da aka sa shi. Abin da ba ta gane ba shi ne mijinta.

Tana cikin liƙa wayoyin da rana sai ga Bai Spas, kamar a ce Malam Spas, babba a cikin abokan kartar, tsohon direban bas, wanda tun da abin ya faru yake zuwa kowace Lahadi ya zauna gefen Lyuben ya yi ta magana shi kaɗai. Lyuben na kwance a ɗaki. Ta zuba wa Bai Spas gahawa, ta ba shi labari. Ya jawo akwatin ya danna madannan duka, yana girgiza kai.

"Muryar dai tasa ce. Amma wane ne wannan?"

"Kamar yaya wane ne?"

"Neve, shekara hamsin na san mutumin nan. Yaushe kika taɓa jin ya ce na gode? Ni sau ɗaya na ji, ranar da ɗan sanda ya mayar masa da lasinsa, shi ma baƙar magana ce. Kin haɗa masa bakin majinyaci. Ruwa, magani, banɗaki. Ko ni aka ba wannan zan jefar."

"Abin da yake buƙata ke nan, Bai Spas."

"Abin da ke kike buƙata ke nan. Shi kofi yana iya nuna miki da yatsa. Ta yaya zai nuna min da yatsa cewa ni maƙaryaci ne?"

Ta ajiye ƙarfen dalma a mazauninsa.

"Sha gahawarka," ta ce. "Kafin ka tafi ka taya ni ɗauko lasifikar falo."

Washegari ta zaunar da Lyuben a nasa rabin teburin, ta kunna kaset na farko a fili.

"Ka saurara. Duk abin da kake so, ka bugi tebur. Ba zan sa baki ba."

Minti ashirin na farko bai motsa ba, yana jin kansa yana ba da labarin zafin hamada da abincin gwangwani. Can sai saurayin da ke cikin kaset ya ce, "Wannan ai shirme ne." Lyuben ya kai wa tebur duka har cokula suka yi tsalle. Nevena ta rubuta lokacin a takarda.

Kwana tara suka yi a haka. Ya zaɓi "Wannan ai shirme ne." Ya zaɓi "Bari in gaya maka." Ya zaɓi "Ba haka aka yi ba." Ya zaɓi "Ke kin fi ni sani," wanda ko a wancan lokacin ba yabo ba ne. Ya zaɓi wata dariya tasa mai tsawo wadda ba kalma a cikinta. Akwai wuraren da saurayin ya sassauta murya ya faɗi maganganun da suka sa Nevena ta sunkuyar da kai tana gyara takarda, waɗannan Lyuben bai bugi tebur ba, ya dai kalli taga har suka wuce. Amma a kaset na shida, inda ya fara da kiran "Neve," ya buga. Ta ce akwai wasu da yawa da suka fi wannan fita sarai, wannan iska ta shiga ciki. Ya sake bugawa. Sai a lokacin ta lura cewa a cikin madannai goma sha biyu na farko ba ta ba shi hanyar kiran ta ba.

Kaset na goma sha ɗaya ta so ta tsallake. Ta tuna shi sarai. Shi ne kaset ɗin da Lyuben ya ajiye rakoda a kan tebur ranar hutunsu ta Juma'a, wai don ta ji yadda suke zama, ya cika fuska biyu da wasan karta. Lokacin da kaset ɗin ya iso ta yi fushi ƙwarai, wata biyu tana jira sai ga hayaniyar ƙatti huɗu. Yanzu kuwa tana kunna shi Lyuben ya miƙe zaune. A irin kartar da suke yi, sai kowa ya faɗi abin da zai buga kafin a fara, wanda ba shi da baki ba shi da wasa. Ga shi nan duka a kaset: "Na wuce." "Zuciya." "Na ninka!" "Sata kake yi, na gan ka!" Ya yi ta dukan tebur har ta ce ya yi a hankali, hannu ɗaya ya rage masa.

Madanni goma sha biyu ba za su isa ba. Ta ƙara makunni a gefe mai matsayi uku, na gida, na waje, na karta, kowane madanni ya ɗauki magana uku. Ruwa da magani suka samu wuri a can ƙasa, banɗaki ma da ƙyar ya yarda. Ta yi wa akwatin maɗauri da tsohon bel ɗinsa don ya rataya a wuya, ta kafa ɗan katako mai tsaga a gaba inda zai jera kartarsa tunda ba hannun riƙewa.

Ranar Alhamis da hantsi ta ciro masa jakit ɗinsa. Ya dubi jakit, ya juya makunni, ya danna.

"Wannan ai shirme ne."

"Na ji. Miƙo hannu."

Tafiyar da da yake yi cikin minti biyar ta ɗauke su rabin awa. A ƙofar ɗakin 'yan fansho ya tsaya cak. Ba ta riƙe shi ba, ba ta kuma tura shi ba, ta dai buɗe ƙofar ta tsaya a gefe.

Bai Spas na zaune da sauran biyun, Kolyo mai aski da Stamen wanda ya yi aikin gidan waya, kujera ta huɗu kuma wani baƙo ne a kai da suke ta haƙuri da shi tun Maris. Kolyo ya miƙe ya taho da hannu biyu a buɗe, ya yi ƙasa da murya irin yadda ake yi wa yara.

"Lyubo, sannu, sannu. Ka ga yadda ka yi kyau? Ai ka warke sarai, kamar ba abin da ya same ka."

Lyuben ya dube shi sama da ƙasa. Yatsansa ya sauka kan madanni.

"Ba haka aka yi ba."

Muryar ta fito da ƙarfinta, muryar da duk suka sani tun suna samari. Kolyo ya ja baya ya dafe ƙirji. Stamen ya cire tabarau. Bai Spas ne ya fara fashewa da dariya, yana dukan cinya.

"Tashi, malam," ya ce wa baƙon, "mai kujera ya zo. Kolyo, rufe bakin nan ka raba karta, sai ka ce ka ga fatalwa."

"Ai fatalwar ce! Wannan muryar tun yana da gashi!"

Nevena ta samu kujera a gefen taga, ta karɓi gahawa, ta sa ido kan akwatin, ba kan mijin ba. Tana so ta ga ko lasifikar za ta jure hayaniyar ɗakin, ko makunnin zai yi masa tauri. Zagaye na farko ya wuce. Na biyu ya yi kuskure, maimakon ya ce ya wuce sai akwatin ya ce "Magani," ɗakin ya ɗauki dariya, Stamen ya ce ai gaskiya ya faɗa, da irin kartar da ke gabansa sai magani. Ta ga kunnuwan Lyuben sun yi ja, ta riƙe kofinta da kyau. Sai ya danna doguwar dariyar nan tasa, shi ma kafaɗunsa na rawa.

A zagaye na biyar Kolyo ya faɗi wasansa yana taƙama. Lyuben ya daɗe yana kallon kartar da ke jere a kan katako. Sannan ya kai yatsa a hankali.

"Na ninka!"

"Kai, Lyubo, ka tabbata? Ko yatsa ne ya zame?"

"Na ninka!"

Ya cinye su tas, shi da abokin wasansa Bai Spas. Kolyo ya watsar da kartarsa ya juyo wajen taga.

"Neve, tsakani da Allah, me kika sa a cikin akwatin nan? Yana ganin kartata ne?"

"Da na sa masa ido ai da tun zagayen farko ka tashi," ta ce. "Baki kawai na ba shi."

Ta lura madannin kusurwar hagu yana ɗan makalewa. Ta rubuta a takardarta, ta bar su suna rigima kan maki, ta tafi kasuwa sayen cuku, abin da ba ta yi ita kaɗai ba tun watan Maris.

Da Radostina ta zo hutu a watan Agusta, tana shigowa ta fara yi wa uban faɗa kan gishiri. Ya bari ta gama tsaf, ya danna, "Ke kin fi ni sani." Ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta yi dariya, daga baya ta ɗauki hoton cikin akwatin ta kowane gefe wai za ta nuna a wurin aikinsu. Wata mata da ke zuwa koya masa magana sau biyu a sati ta gano cewa in ya danna yana bin muryar da bakinsa, wani lokaci kalmar takan fito. Kafin sanyi ya shigo yana iya faɗin kalmomi kusan ashirin da kansa. Ba su wuce haka da yawa ba, hannun dama kuma bai dawo ba. Akwatin ya ci gaba da rataye a wuyansa, Nevena ta sauya masa batir sau ɗaya, ta sake zana hotunan da yatsa ya goge.

Wata safiya cikin Nuwamba, bayan ta raka Lyuben ɗakin 'yan fansho ta dawo, ta tarar da Bai Spas tsaye a ƙofar gida, sanye da rigar da yake zuwa biki da ita.

"Lafiya? Ai suna can suna jiran ka."

"Su jira. Neve, ni ban je Libiya ba. Ba ni da kaset ko ɗaya." Ya murza hularsa a hannu. "Likita ya ce jinina ya hau. Na ce bari in zo tun bakina na aiki."

Ta dube shi, ta buɗe ƙofa. Ta share rabin teburin, ta ajiye masa makirfo a kan kofin da ta kife, ta rufe taga saboda ƙarar motoci. Ya zauna a miƙe kamar za a ɗauke shi hoton fasfo. Ta danna, ta yi masa alama da hannu. Mutumin da ya yi wata da watanni yana surutu shi kaɗai a gefen gadon abokinsa ya dubi makirfo, ya dube ta.

"Me zan ce?"

"Wa ya fi ba ka haushi a garin nan?"

"Surukina."

"To, bismillah."

Awa ɗaya da minti arba'in ya yi bai tsaya ba, har waken da ta ɗora ya kama. Ta ce ya dawo ranar Alhamis su ƙarasa, don kafin ya sa hularsa ya riga ya gaya mata cewa Stamen da matar mai sayar da jarida su ma suna son a ɗauki muryarsu ranar Laraba.